Huci Ashirin na Bappa

Male, 4 ga Afrilu

Kokko Nizar, ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Hasina da abin da ke cikinta. Yaya gwiwoyin mahaifinmu? Ka gaya wa Bappa man da na aiko masa na shafawa ne, ba na ajiya a ƙasan akwati ba. Ni lafiya lau, sai aikin jinya da ba ya ƙarewa. Kwalbar rihakuru ta iso, amma rabin romon kifin ya tsiyaye a hanya. Duk wanda ya rufe kwalbar nan, Allah ya shirye shi.

To, ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Ranar Lahadi aka kawo mana wani magidanci asibiti, sa'anka, mai nutson kifin koto kamarka. Gawarsa aka kawo. Kifi bai cije shi ba, igiyar ruwa ba ta ja shi ba. Ruwan da ya mutu a ciki bai kai gaba uku ba, da safe, rana ta fito sarai, abokan aikinsa tara suna cikin jirgi suna jan raga. Na tambayi ɗan'uwansa yadda aka yi. Ya ce ai yadda ya saba ne kullum: ya sa gilashinsa, ya kama bututun numfashi a baki, ya yi ta huci da sauri da sauri, sannan ya nutse. Kokko, sai da na nemi kujera na zauna. Huci ashirin ɗin nan ne da Bappa ya koya maka tun ba ka iya ɗaura zane ba.

Likitanmu ya yi mini bayani har na gane. Ƙunar nan da kake ji a ƙirji in ka daɗe a ƙasa, ita ce mai gadinka, ita ke ce maka fito. Hucin ba ya ƙara maka iskar kirki, mai gadin kawai yake sa wa barci. Sai iskarka ta ƙare ba ka sani ba, kana tasowa ka suma. Ba ihu, ba ɗaga hannu, sulalewa ƙasa kawai mutum yake yi.

Don Allah ka daina. Numfashi ɗaya a natse ya ishe ka. Kuma a ware mutum ɗaya a gefen jirgi wanda ba ya taɓa raga, aikinsa kallonka kawai har ka fito. In kuwa aka ciro mutum ba ya numfashi, don girman Allah kada a saɓa shi a kafaɗa kai a ƙasa ana jijjiga shi wai ruwa ya fita, kamar yadda muke yi a gida. A kwantar da shi rigingine, a cire gilashin, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a sa baki a bakinsa a busa sau biyar ana kallon ƙirjin yana tashi. In bai motsa ba, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau talatin, a busa biyu, a yi ta yi. Ko ya farfaɗo yana dariya, a kai shi ga likita ranar.

Ka karanta wa Bappa wasiƙar nan duka, tunda idonsa ba ya ganin rubutu.

Yayarka,
Zuhura

*

Tsibiri, 17 ga Afrilu

Datta Zuhura, yayata, babbar likitar gidanmu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Hasina ta shiga wata na shida, abinci kuwa ko ni ba na kama ƙafarta. Gwiwoyin Bappa suna nan yadda kika bar su. Kwalbar ni na rufe ta, na gode da addu'a.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Allah ya ji ƙan mamacin, amma Datta, haba! Shekara shida a birnin Male ta sa kin manta teku? Ke da ko a bakin ruwa sai kin riƙe rigar marigayiya Mamma kina ihu wai kaguwa ta kalle ki, yau ke ce za ki koya mini nutso? Bappa ya shekara arba'in yana huci ashirin, ga shi nan a tsakar gida yana faɗa da kaji.

Ke ba ki san yadda bana take ba. Ƙananan kifin nan sun koma ƙasa, can gindin duwatsun murjani. Sai na sauka na zauna musu, na kora su a hankali har su hau kan raga. In na fito da wuri suka watse, ba abin da za mu watsa wa manyan kifi a teku, gida goma sha ɗaya su kwana da farar shinkafa. Mutum goma ne a jirgi, kowa da sanda ko igiyar raga a hannunsa. Wa zan ce ya saki tasa ya zauna yana kallon duwawuna?

Na dai gaya wa mutanen jirgi. Keyolu Adam, shugabanmu, ya yi dariya har ƙwayar fo da yake taunawa kamar goro ta kusa shaƙe shi. Da na zo wajen sa baki a baki kuwa, abokin aikinmu Mausum ya ɗaga hannu ya ce, "Ku shaida, in na suma ku bar ni in tafi da mutuncina. Na san abin da Keyolu ke ci da safe." Yau kwana uku ke nan duk wanda ya yi tari a jirgi sai a taso masa da baki a zumɓure.

Bappa kuwa gaisuwar kawai na karanta masa, da zancen gwiwa. Sauran na tsallake. Rabin masu nutson tsibirin nan shi ya koya musu. Da wane ido zan kalli dattijo in ce masa abin da ya ba mu shi ke kashe mutane? Ke kina nesa, rubutu ba ya miki nauyi.

Ki aiko mini da sabuwar robar gilashi, tawa ta fara shan ruwa.

Ƙaninki,
Nizar

*

Male, 29 ga Afrilu

Nizar,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, in ban da ciwon kan da wasiƙarka ta sa mini. A gaida Hasina.

Wato na rubuto maka maganar mutuwa, kai ka ɗauke ta ka kai jirgi aka yi wasan yara da ita. Sannu, gwanin ban dariya. Ka gaya wa Mausum shi ma mamacin nan yana da abokai masu raha, na gan su a bakin ɗakin gawa, ba wanda ya iya ɗaga ido.

Shekaranjiya matar mamacin ta dawo karɓar kayansa. Gilashi ne da bututu da zane, shi ke nan. Ta tsaya tana goge gilashin da gefen mayafinta. Cikinta ya kai na Hasina. Wallahi ban iya miƙa mata takardar da za ta sa hannu ba, sai da wata ta karɓe ni.

Ka ce Bappa ya shekara arba'in bai mutu ba. Alhamdu lillahi. Ka tambaye shi ina Hasan Fulu, ina ɗan gidan Don Maniku da aka ce aljanin ruwa ne ya riƙe masa ƙafa. Duka almajiran hucinsa ne, duka a ruwa mara zurfi aka tsince su. Kai ma kada ka raina mini hankali. Bara da na zo salla Hasina ta gaya mini ka taɓa fitowa leɓɓanka sun yi shuɗi, ka kasa gane inda jirgi yake, ka ce yunwa ce.

Tunda ka zama mai tace wasiƙa, na sake rubuta ta farko kalma da kalma, na naɗe a cikin gwangwanin maganin Hasina, na roƙe ta ta karanta wa Bappa. Ka yi fushi in ka ga dama. Gara ka yi fushi kana numfashi.

Ga robar gilashin. Na so in hana, na ga ba ita ce ta yi mini laifi ba.

Zuhura

*

Tsibiri, 12 ga Mayu

Datta,

Muna lafiya, in wannan ce lafiya. Hasina ƙalau. Roba ta yi daidai.

To, burinki ya cika. Hasina ta zaunar da Bappa a kujerar igiya a gindin bishiya ta karanta masa tas, har ya sa ta maimaita wajen busa da dannawa sau uku, ina jin don ya tabbatar 'yarsa ce ta haukace. Da ta gama ya ce, "Ashe ni makashi ne." Kwana uku bai yi wa kowa magana ba, romon kifi na garudiya ma sai ya tsoma cokali ya ture kwanon. Man shafawarki ga shi nan a cikin kwalin nan, shi ya ce a maido miki. Na ce masa gwiwa ba ta san fushi ba, ya harare ni.

Ba wannan ne ma ya dame ni ba. Yanzu dattijon nan bin mu yake yi. Kullum muna idar da sallar asuba sai ka gan shi a bakin ruwa da tsohon gilashinsa a wuya, wai gida ya ishe shi. Sai mutum biyu sun ɗaga shi sun saka a jirgi kamar buhun shinkafa. Keyolu Adam ba ya iya korarsa, don shi ya koya masa riƙon sitiyari. Kuma duk faɗin jirgin nan bai ga wurin zama ba sai gefen da nake nutsewa, daidai kan hanyar igiya. Ya kwanta rub da ciki, ya tsoma fuska a ruwa, bakinsa na motsi. Ba ya jan raga, ba ya kwashe ruwa, ba ya magana da kowa. Jiya Mausum ya yi tuntuɓe da ƙafarsa saura kaɗan ya faɗa ramin ajiye kifin koto. Mutane sun fara ce mini mai raino. Ni da na kusa zama uba!

Ga abin da wasiƙarki ta jawo. Da yana gida lafiya lau da kajinsa.

Hucin kuwa ban daina ba, kada in yi miki ƙarya. Na rage zuwa sha biyar don ki samu barci.

Nizar

*

Male, 20 ga Mayu

Nizar,

Ina gaisuwa a taƙaice, jirgin kaya na shirin tashi.

Kana da hankali kuwa? Mutum mai shekara saba'in da ɗaya, da hawan jini, da gwiwar da ba ta ɗaukarsa zuwa masallaci sai da sanda, shi kuke ɗagawa kuna sakawa a jirgi? Ga iskar damina ta hulangu ta shigo, teku ta fara hauka. Ya kwanta kai a ƙasa a rana, jini ya hau masa ka, ya sulale ruwa, wa zai gan shi? Wato ya yi fushi da ni, shi ne zai je ya kashe kansa in ji kunya. Na san halinsa, haka ya yi wa Mamma da ta hana shi hawan kwakwa.

Ku biyun nan za ku sa in tsufa ban yi aure ba. Ɗaya ya ƙi daina huci, ɗaya ya ƙi zama a gida.

Ka saurare ni da kyau. Daga ranar da takardar nan ta iso, Bappa ba ya ƙara taka jirgi. Ka ɓoye gilashinsa. Ka gaya wa Keyolu Adam ni na ce, in kuma ya sake ɗaukarsa, zan zo har gidansa mu yi ta a gaban matarsa. Hasina ta karanta wa Bappa wannan ma: ya zauna a gida. Ba abin da yake tsinana muku a can sai tare hanya, kai da bakinka ka faɗa.

Sha biyar da ashirin duk ɗaya ne, kada ka mai da ni sakarya.

Zuhura

*

Male, 17 ga Yuni

Kokko,

Lafiya kuwa? Wata guda ba amsa. An ce jirgin kaya ya laɓe a wani tsibiri a hanya, iska ta hana shi gaba ta hana shi baya. Na je ofishin waya sau huɗu, wai ta tsibirinmu ta mutu tun farkon wata. Duk gawar da aka shigo da ita daga kudu sai na leƙa fuska kafin in iya aiki.

In fushi kake, ka yi, amma ka rubuto ko layi ɗaya ne. Ka ce "muna nan" ka sa hannu. Wannan na ba wani mara lafiya da aka sallama ne, zai bi ta wajenku.

Zuhura

*

Tsibiri, 25 ga Yuni

Zuhura,

Ni ne mahaifinki. Hasina ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana. Ina lafiya. Ita ma lafiya, haihuwa ta kusa. Ɗan'uwanki yana raye. Na fara da wannan don na san ki da gaggawa.

Ran Litinin ta makon jiya iska ta lafa muka fita. Ni na san tsawon nutson yaron nan, Ƙulhuwallahu tara ne, don kullum ina karantawa ina kallonsa. Ranar ya yi hucinsa ya sauka. Na kai tara yana ƙasa. Na kai sha ɗaya sannan ya taso. Saura tsawon gaba guda ya fito sai na ga hannuwansa sun saki, bututun ya fita daga bakinsa, kansa ya langaɓe. Ya fara komawa ƙasa a hankali, ido a buɗe. Raga ta cika, mutum goma suna ta ihun murna, ba wanda ya juyo. Na yi kira, muryata ba ta kai ba. Sai na mirgina na faɗa.

Hasina, ki rubuta mata ban yi huci ko ɗaya ba. Ba lokaci.

Na kama shi ta gashi. Ƙafafuna ba su da ƙarfin da za su ɗago mu biyu, amma Mausum ya ji faɗuwata ya biyo ni. Da aka ɗora shi a jirgi fuskarsa ta yi toka. Adam ya sunkuya zai saɓa shi a kafaɗa kai a ƙasa. Ni da hannuna na yi wa Hasan Fulu haka, na yi ta gudu da shi a bakin yashi har ya yi sanyi a bayana. Na ɗauki abin kwashe ruwa na maka wa Adam a hannu, na ce ajiye mini ɗana.

Na kwantar da shi, na ɗaga haɓa, na toshe hanci, na busa biyar. Ƙirjin ya tashi, amma shi bai motsa ba. Hannuna ba ƙarfi, sai na ce Mausum ya danna ina ƙirgawa. Mai cewa a bar shi ya tafi da mutuncinsa, kuka yake yana dannawa, majina har gemu. Talatin, na busa biyu. Talatin, na busa biyu. A na uku yaron ya yi tari ya amayo ruwa da shayin safe a jikina. Muka juya shi gefe. Adam ya saki kifin koto duka a ruwa, ya juya jirgi zuwa babban tsibiri wajen likita. Kwana biyu suka riƙe shi. Haƙarƙari ɗaya ya tsage, aikin Mausum ne.

Wasiƙunki biyu tare suka iso ran Laraba. Hasina ta karanta mini wadda kika ce in zauna a gida, a ɓoye mini gilashi, wai ba abin da nake tsinanawa. Ta so ta tsallake, na ce karanta.

Kin yi karatu, 'yata, kuma abin da kika faɗa a kan hucin gaskiya ne. Kwana uku na yi ina lissafa yaran da na koya wa, da waɗanda ba su fito ba. Ba fushi nake da ke ba, kunya ce ta hana ni magana. Amma ba ki san ubanki ba. Ke kika ce a ware mutum ɗaya a gefen jirgi, aikinsa kallo kawai. Suka ce ba su da mutum. To ni mene ne, kwando?

Abu na ƙarshe. Bakin ɗan'uwanki warin taba yake. Shekara nawa yana rantse mini ba ya sha. Na bari haƙarƙarin ya warke tukuna.

Ki maido mini da man nan. Tun ranar gwiwar ba ta bar ni na runtsa ba.

Mahaifinki

Datta, ni ne, a ƙasan takardar Bappa. Ban tuna komai ba. Ina tasowa ina jin daɗi, ko ƙunar ƙirji babu, sai na farka na ga gemun Bappa a fuskata. Na daina, wallahi na daina. Kada ki ce kin gaya mini, haƙarƙarina ba zai ɗauka ba. Nizar.

*

Male, 2 ga Yuli

Bappa, da Kokko, da Hasina,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. A ɗakin ajiye zannuwan gado na karanta wasiƙarku, na yi kuka har shugabar masu jinya ta zaci rasuwa aka yi mini.

Nizar, na gaya maka. Haƙarƙarin ya ɗauka ko kada ya ɗauka. Ba ka shiga ruwa sai likita ya ce, in kuma ka ji tari ko zazzaɓi ka koma wajensa ranar. Zancen taba kuwa na bar ka da Bappa, Allah ya ba ka haƙuri.

Na karɓi hutu, ina tafe a jirgin mako mai zuwa, zan zauna har Hasina ta sauka. Ku tara mini duk masu nutson tsibiri a bakin yashi bayan la'asar, kowa sai ya gwada da hannunsa. Keyolu Adam ne zai fara kwanciya, Mausum ya busa.

Tun da na karanta nake lissafin kwana biyun nan, daga Litinin zuwa Laraba: da wasiƙata ta riga isowa, da Bappa yana gida ranar. Wata guda ina zagin iskar da ta tsare jirgin kaya. Hasina, wasiƙar nan tawa ta ashirin ga Mayu, ki hura wuta da ita.

Bappa, ka yafe mini. Ga man nan, kwalba biyu. Na haɗa da ɗan matashi mai rigar leda, ba ya shan ruwa. Katakon gefen jirgi yana da tauri.

'Yarka,
Zuhura